Baƙaƙe Biyar da Farare Biyu: Zaɓen Tsanin Sauti a kan Musanyar Taki-Uku a Kiɗan Jaz, da Abin da Makaɗin Hausa Ya Riga Ya Riƙe

Tsakure

Takardar nan ta ɗauki tambaya ɗaya daga cikin masu ɗaure wa ɗaliban kiɗan jaz kai. Idan mai fiyano ya cire damin sautin da ke jan kiɗa zuwa gida, ya sa wani da ke nesa da shi da taki uku, wane tsanin sauti mai busa ko mai goge zai hau yayin da yake ƙirƙirar kari nan take? An auna tsanuka biyar a gidan F. Matsayin takardar shi ne tsanin Lidiyan-dominan ya fi dacewa, kuma hanya mafi kusa zuwa gare shi ga makaɗin Hausa ita ce tsani mai hawa biyar, wanda kunnensa ya saba da shi tun yana goye.

1.0 Gabatarwa



Na san akwai wanda zai tambaya a ransa, me ya haɗa Dutse da jaz? Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta tana Zariya. Daga 1981 zuwa 1985, Yusef Lateef, Ba'amurke Musulmi da ya tashi a Detroit, wanda ya busa saksofon tare da Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley, ya zauna yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sarewar Fulani ce ta fi ɗaukar hankalinsa. A 1983 ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas, kuma a 1987 littafin da suka rubuta tare da Ziky Kofoworola, Hausa Performing Arts and Music, ya fito. Abin lura shi ne, a shekarar da ya iso Zariya ne ya fitar da Repository of Scales and Melodic Patterns, kundin tsanukan sauti da har yau masu koyon jaz ke wahala a kansa. Wato mutumin da ya tara tsanuka daga sassan duniya bai ga ya gama ba sai da ya zo ya zauna gaban masu busa na ƙasarmu. Shi kansa sunan jaz ba ya sonsa, ya fi son a ce kiɗa ne da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mai yinsa.

Ya zo ya ɗauka daga wajenmu. Takardar nan tana so ta bi hanyar ta ɗaya ɓangaren: yaron da ke zaune gaban fiyanon Yamaha a situdiyo a Dutse ko Birnin Kudu, wanda ya fara jin sha'awar damman sautin jaz, ta ina zai shiga ba tare da ya zubar da abin da ke hannunsa ba?

2.0 Yadda musanyar take

Sai mun daidaita kalmomi kaɗan. Daga kowane maɓallin fiyano zuwa maƙwabcinsa, fari ko baƙi, rabin taki ne. Rabin taki 12 ke mayar da sauti kan sunansa na farko, wannan shi ne zagaye guda. Sautukan da aka danna tare na kira su dami, jerin da mai ƙirƙira ke hawa da sauka a kai kuma tsani. Gida shi ne sautin da kiɗa ke komawa ya huta. Ƙaramin harafin b a gefen suna yana nufin an sauke sautin da rabin taki.

Ginshiƙin jaz dami uku ne a jere. A gidan F su ne Gm7, C7, Fmaj7. Na tsakiya shi ne mai ja, domin da ya yi ƙara kunne ke neman gida. Sautukansa C, E, G da Bb, amma ƙarfin jan yana tsakanin biyu kawai, E da Bb. Tazararsu rabin taki shida ce, taki uku cif, rabin zagaye daidai. E tana son hawa zuwa F, Bb tana son sauka zuwa A. Da sun yi haka an iso.

To, da yake taki uku ya raba zagaye biyu daidai, ko ta ina aka juya shi tazarar ba ta canzawa. Saboda haka akwai wani dami mai ja da ke ɗauke da waɗannan sautuka biyu, shi ne Gb7: Gb, Bb, Db da E (a rubuce Fb ce, amma maɓallin ɗaya ne). Bb da take ta bakwai a C7 ta zama ta uku a Gb7, E da take ta uku ta koma ta bakwai. Sun yi musanyar muƙami, aikin jan bai tsaya ba. Abin da aka samu ƙari shi ne sautin ƙasa yanzu yana gangarowa a hankali, G, Gb, F, maimakon tsallen G, C, F.

Ana jin wannan dabara a busar Coleman Hawkins ta Body and Soul a 1939, masu salon bibop na shekarun 1940 kuma suka mayar da ita abincin yau da kullum. A Night in Tunisia ta Gillespie an gina farkonta ne kacokan a kan Eb7 mai faɗawa Dm. The Girl from Ipanema ta Antonio Carlos Jobim, ta 1962, a gidan F take, kuma Gm7, Gb7, Fmaj7 ɗin da muke magana a kai suna nan cikinta yadda na jera su. Shi ya sa na zaɓi wannan gida.

3.0 Gardamar C da B

Ɗalibi idan ya ga Gb7, abin da aka fara koya masa shi ne ya hau tsanin Miksolidiyan: Gb, Ab, Bb, B, Db, Eb, E. Littattafan da suka biyo bayan aikin George Russell na 1953, har zuwa The Jazz Theory Book na Mark Levine na 1995, sun fi karkata ga Lidiyan-dominan: Gb, Ab, Bb, C, Db, Eb, E. A dubi jerin biyu da kyau. Sauti shida iri ɗaya ne. Duk gardamar a kan hawa na huɗu take, B ko C.

Ina tare da C, kuma dalilaina uku ne, ba kuma nauyinsu ɗaya ba.

Mafi nauyi shi ne C ita ce tushen damin da aka cire. Kunnen mai sauraro bai manta da C7 ba don mai fiyano ya ɓoye shi. Yana jin gidan F tun farkon waƙa, kuma C ce ta biyar a wannan gida, sautin da ya fi kowanne kusanci da F. Idan mai busa ya riƙe C a kan Gb7, ya riƙe igiyar da ke haɗa baƙon dami da gidan da za a sauka. Jobim da kansa haka ya yi, domin a daidai gaɓar Gb7 karin waƙarsa yana taka C. Mai ƙirƙirar da ya zo ya dage kan B a wurin yana faɗa ne da waƙar da yake yi wa ado. Haka abin yake a waƙar Gillespie: tsanin Eb, F, G, A, Bb, C, Db yana ɗauke da A, tushen A7 da aka musanya, kuma biyar daga sautukansa bakwai 'yan gidan Dm ne tun asali.

Na biyu, B tana zaune rabin taki a saman Bb, wadda ita ce ta uku a damin. Idan aka daɗe a kanta sai ta dushe Bb ɗin, jan ya yi rauni. A wuce ta da sauri ba laifi, a tsaya a kanta ne matsala.

Na uku na aiki ne. A dandali ba kullum mai busa ke sanin abin da mai sautin ƙasa zai taka ba. Yana iya taka Gb a wannan zagaye, ya taka C a na gaba. Sautuka bakwai na Lidiyan-dominan a kan Gb, idan aka fara ƙirga su daga C, su ne C, Db, Eb, E, Gb, Ab, Bb, tsanin da masu jaz ke hawa a kan C7 idan suna son tsananta shi. Duka biyun kuma daga tsanin melodik-maino na Db suka fito. Ko wanne aka taka a ƙasa, mai busa yana kan daidai. Da Miksolidiyan babu wannan kariya, domin B a kan C7 karo take yi da Bb kai tsaye.

Amma B tana da ranarta. Wani lokaci ba damin tsakiya kaɗai ake musanyawa ba, har da wanda ke gabansa, sai a ji Dbm7, Gb7, Fmaj7. Irin wannan ne a ƙarshen baitin Satin Doll ta Duke Ellington da Billy Strayhorn, ta 1953, inda Abm7 da Db7 ke faɗawa C. A nan Dbm7 da kansa yana ɗauke da B a cikinsa, ya riga ya shimfiɗa mata tabarma, kunne ya yarda an ɗan fita daga gida. Miksolidiyan ya halatta a wannan wuri, har ma ya fi zama daidai muddin Dbm7 na ƙara. Don haka kafin a zaɓi tsani, a dubi damin da ya gabata.

Akwai wasu tsanuka biyu da ba zan daɗe a kansu ba. Tsanin cikakken taki, Gb, Ab, Bb, C, D, E, wanda Thelonious Monk ya shahara da gangarowa a kansa, yana da C kuma yana aiki, sai dai ba shi da rabin taki ko ɗaya, yana sa kari ya yi ta shawagi. Tsani mai hawa takwas da ke jera rabin taki da cikakke bi da bi yana da G a cikinsa, rabin taki a saman tushen Gb. A ganina na gwanaye ne, kada a fara da shi.

4.0 Baƙaƙen nan biyar

Yanzu a sake duban Lidiyan-dominan a kan fiyano: Gb, Ab, Bb, C, Db, Eb, E. Baƙaƙen maɓallai biyar ne gaba ɗayansu, da farare biyu, C da E. Baƙaƙen nan kuwa su kaɗai tsani ne cikakke mai hawa biyar, marar rabin taki, irin wanda mafi yawan karin waƙoƙin Hausa ke tafiya a kai, daga waƙar daɓe da ta gaɗa har zuwa gurmin Haruna Uji na Haɗeja da kuntigin Ɗanmaraya Jos. Ba banza ba ne yaro da ya fara taɓa fiyano a ƙasar nan yakan tsinci karin gida a kan baƙaƙe kafin kowa ya nuna masa, kuma da yawa daga masu kiɗan situdiyo a nan suke zama, idan muryar mawaƙi ta ƙi sai su danna maɓallin ɗaga sauti ko sauke shi.

A cikin melodik-maino na Db gaba ɗaya, tsani mai hawa biyar marar rabin taki kuma marar taki uku guda ɗaya tak ake iya cirowa, kuma shi ne wannan. A kan Gb7 yana ba da tushe, ta tara, ta uku, ta biyar da ta goma sha uku, duk masu daɗin zama. Idan mai sautin ƙasa ya taka C, waɗannan biyar ɗin dai sun zama ta bakwai da dukkan sautuka huɗu masu tsanani da ake nema a kan C7. Hannu bai motsa ba, ma'anar ce ta sauya.

Ga yadda abin yake a aikace. Hannun hagu ya danna Gm7, na dama ya taka C, D, F, G, duk farare, daga mai-biyar na F. Hagu ya sauko Gb7, dama ya ɗaga wannan jimla da rabin taki: Db, Eb, Gb, Ab, duk baƙaƙe. Hagu ya sauka Fmaj7, dama ya zame daga Ab zuwa A ya tsaya. Ƙasa na gangarowa, sama na hawa, suka haɗu a gida. Wanda ke son ya ƙarasa hawan zai iya ɗaga jimlar karo na biyu, D, E, G, A, daga mai-biyar na G, ya koma kan farare. Fari, baƙi, fari. McCoy Tyner, mai fiyanon John Coltrane daga 1960 zuwa 1965, da irin wannan zamewar mai-biyar ya gina salon da ya canza yadda ake kaɗa fiyanon jaz.

Saukar ma ba ta da wuya, domin kowane baƙi yana da maƙwabci ɗan gida a rabin taki: Gb ta faɗa F ko ta hau G, Ab ta je G ko A, Bb ta sauka A, Db ta je C ko D, Eb ta je D ko E. A nan ne gwaninta take. Wanda ya iya sautin ƙarshe na kan Gb7 da na farko na kan Fmaj7 ya iya musanyar, ko da tsakiyar jimlarsa ba ta da ado.

Akwai kuma lissafin lokaci, wanda littattafai kan manta. A waƙar da ke tafiya bugu 120 a minti, damin da ya ɗauki bugu biyu daƙiƙa ɗaya ce rayuwarsa. Idan mai busa na sa sauti biyu a kowane bugu, huɗu zai samu. Ko a waƙar Jobim, inda Gb7 ke ɗaukar bugu huɗu, takwas ne. Mutumin da ke da gurbin sauti huɗu ba ya bukatar ya tsaya tunanin hawa na huɗu na melodik-maino. Yana bukatar jimla da ta riga ta zauna a yatsunsa. Saboda haka tsarin koyarwar da nake ba da shawara shi ne a fara da baƙaƙe biyar, idan sun zauna a ƙara C, daga ƙarshe a ƙara E. An isa tsanin da littafi ke so, amma ta ƙofar da ɗalibinmu ya sani.

Dole in faɗi abin da mai-biyar ya rasa. Babu taki uku a cikinsa ko kaɗan. Yana da Bb, ba shi da E. Wato ainihin tazarar da musanyar ta samu sunanta daga gare ta ba ta cikin tsanin. Idan akwai mai fiyano a baya yana riƙe da E, ba a rasa komai ba. Idan mai busa shi kaɗai ne da ganga, sai ya sa E da bakinsa, in ba haka ba mai sauraro zai ji an zame gefe ne kawai, ba zai ji ja ba. Kuma ɗaga jimla da rabin taki, idan aka yi shi a kowane zagaye, yakan zama al'ada mai gundura. Mataki ne na farko, ba a nan ake kwana ba.

5.0 Goge da karin harshe

Duk abin da na faɗa a sama a kan fiyano yake, inda aka yanka zagaye kashi 12 daidai wa daida. Daidaiton juyawar taki uku ma daga wannan yanka ya samo asali. Kayan kiɗanmu ba su san wannan ma'auni ba. Duwatsun Birnin Kudu masu amo, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa masana a tsakiyar shekarun 1950, kowane gurbi da sautin da Allah ya ba shi. Algaitar da ke gaban Sarki a hawan Sallah a Garun Dutse tana da ramukanta 'yan kaɗan, ba za a ce mata ta ɗaga komai da rabin taki cikin daƙiƙa ɗaya ba. Ban ga dalilin tilasta mata ba.

Goge dabam ne. Tsirkiyarsa ɗaya ce ta izgar doki, a kan ƙwarya da aka rufe da fatar guza, kuma ba shi da matakai a wuya. Yatsa yana iya tsayawa ko'ina, har tsakanin maɓallan fiyano biyu, abin da masu busa jaz ke wahalar nema da leɓe. Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya nemi tushen salon bulus a wannan yanki namu na savana, kuma kiɗan goge na cikin abin da ya kafa hujja da shi. Sai dai mai goge yana yawan komawa kan tsirkiya a sake, ba yatsa a kanta, kuma wannan sauti ba ya ɗaguwa. To wane sauti za a ɗaure ta a kai?

Idan aka ɗaure ta a F, wato gida, za ta yi daɗi a kan Gm7 da Fmaj7, amma a kan Gb7 za ta maƙale tsakanin E da Gb, rabin taki ta kowane gefe. Idan aka ɗaure ta a C, ta zauna lafiya a kan dukkan ukun: ta goma sha ɗaya ce a Gm7, ita ce hawan nan na huɗu na Lidiyan-dominan a Gb7, ta biyar ce a Fmaj7. Mai goge zai iya komawa kanta duk lokacin da hannunsa ya so, damman na wucewa a ƙarƙashinsa. Wannan hujja ce ta huɗu ga C, kuma daga kayanmu ta fito.

Ga mawaƙi kuma akwai batun karin harshe. Hausa tana bambanta ma'ana da hawa da saukar murya, kukan yaro dabam, kukar miya dabam. Paul Richards ya auna wannan a waƙar Hausa a 1972, ya nuna akwai dangantaka bayyananniya tsakanin karin harshe da karin waƙa. Mawaƙin da aka ba tsani mai hawa bakwai aka ce ya yi yawo a ciki yana iya karya kalma ba da niyya ba. Amma idan jimla ce aka ɗaga ɗungurungum da rabin taki, inda ta hau nan za ta hau, inda ta sauka nan za ta sauka, kalmomi sun tsira. Tsarin jagora da 'yan amshi ma ya dace da haka: jagora ya faɗi ɗango a kan Gm7, amshi ya maimaita shi sama kaɗan a kan Gb7, a sauka tare.

6.0 Iyakar shawarar da abin da ya rage

Ba ina cewa kiɗan Hausa yana jiran jaz ya cika shi ba. Kalangun Mamman Shata bai taɓa bukatar dami ba, ƙarfinsa yana cikin bugu da magana da amshi, kuma duk wanda ya ɗora Gb7 a ƙarƙashin kowace waƙar gargajiya don a ce ya waye ɓarna zai yi. Bala Miller ya nuna a Kaduna cewa ana iya rera Hausa da kayan busa na Turawa waƙa ta zauna da gindinta, kuma ya yi hakan ne da sanin inda zai tsaya. Maganata ga wanda ya riga ya zaɓi ya shiga jaz ce, ko yake son aron launi ɗaya daga cikinsa a ƙarshen baiti.

Abin da ya rage aikin masu bincike ne. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa sun yi aiki mai yawa a kan matani da tarihin makaɗa, David Ames da Anthony King kuma sun tattara sunayen kayan kiɗa da kalmominsu tun 1971. Ɓangaren sauti shi ne ke neman hannu. Cewa karinmu mai hawa biyar ne magana ce ta jimla. Ina ne daidai yatsan mai goge na Jahun ke sauka, kuma ya yi daidai da na mai kukuma na Kiyawa ko Gwaram? Yau wayar hannu da manhajar auna sauti sun isa a fara wannan aiki. Ina kira ga malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su je wurin waɗannan dattawa, su nemi izininsu, su biya su haƙƙinsu, su ɗauki kiɗansu su auna tun suna raye. Masu koyar da fiyano a situdiyo kuma, idan ɗalibi ya tambaye ku abin da zai taka a kan Gb7, ku nuna masa baƙaƙen nan biyar tukuna, ku bar sunan Lidiyan sai ya nema.